Dare 31, fim 31: yadda na wuce Oktoban 2022 a Pittsburgh

Assalamu alaikum. Na jima ina son rubuta wannan abin amma duk sanda na ɗauko waya sai in ajiye, don na san dole a samu wanda zai ce me ya haɗa Bahaushe musulmi da fim ɗin tsoro har zai zauna wata guda cur yana kallo kullum. To ni dai abin da ya faru da ni zan faɗa, wanda ya ga kuskure ya yi min uzuri.

Ni ɗan Zariya ne, na zo Amurka watan Agustan 2021 karatun digiri na biyu, garin Pittsburgh a jihar Pennsylvania, gari ne na tuddai da gadoji, koguna biyu Allegheny da Monongahela ke haɗuwa a tsakiyarsa su zama kogin Ohio, kuma hadari ba ya rabuwa da samansa, sai ka yi kwana huɗu biyar ba ka ga ƙwayar rana ba. Shekara ɗaya da zuwana Allah ya yi wa Innarmu rasuwa. Awa 5 ne tsakaninmu da gida a lokacin, ta cika bayan sallar asuba ta can, wato ni nan dare bai jima da rabawa ba ina barci wayata ba ta ƙara, sai da na tashi tawa asubar na ga kira ya fi 30, na Yaya, na ƙannena, har lambobin da ban sani ba. Na kira Yaya ya ɗauka, ina jin muryoyin mutane da ƙarar shebur a bayansa, ya ce min "sai haƙuri, Inna lokaci ya yi, ga mu muna rufe ta." Shi ke nan. Ban ga gawarta ba, ban sallace ta tare da jama'a ba, ban zauna karɓar gaisuwa ba, kwana uku bayan nan ina cikin aji ana zancen jarrabawa.

Daga ranar barci ya ƙaurace min. In na kwanta sai in ta juyi har biyu har uku na dare, in kuma Allah ya sa ya ɗan ɗauke ni sai dannau ya zo, ka ji ka farka amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa, ƙirji ya yi nauyi kamar an aza buhu. Ina azkar ɗina, ayatul kursiyyu, Falaƙi da Nasi, ban taɓa bari ba kuma ba zan bari ba, na je wajen limamin masallacinmu ya yi min nasiha mai ratsa jiki, na kuma je ofishin masu ba ɗalibai shawara a makaranta sau uku, ina faɗan wannan ne don kar wani ya ɗauka fim na mayar magani. Amma tsakanin isha'i da asuba ni kaɗai ne a ɗaki, fitila a kunne har gari ya waye.

Fitilar nan ce maƙwabcina ya lura da ita. Dattijo ne Bature, ya haura 70, ya yi aiki a masana'antar ƙarfe tun kafin a rurrufe su a shekarun 1980, matarsa ta rasu shekara uku kafin in zo, ɗakinsa na kallon nawa. Baba nake ce masa, farko abin ya ba shi mamaki sai na gaya masa mu a wajenmu yaro ba ya kiran sa'an mahaifinsa da suna gatsal, tun daga nan in na ce Baba sai ya amsa har da murmushi. Wata rana ƙarshen Satumba muka haɗu a matattakala ya ce yana ganin haske ta ƙasan ƙofata kullum, shi ma ba ya barci, kuma shi da marigayiyar suna da wata al'ada tun zamanin kaset, duk watan Oktoba kullum dare sai sun zaɓi fim ɗin tsoro ɗaya sun kalla, daga 1 ga wata har 31, kowa ya rubuta ra'ayinsa a littafi sannan su yi ta musu. Tun da ta rasu shi kaɗai yake yi. Ya ce in ina so in zo.

Ga wanda bai taɓa zama nan ba, Oktoba gabaɗayansa lokacin abin tsoro ne a wajensu saboda Halloween da ake yi daren 31 ga wata, biki ne da asalinsa ya fito daga Ayalan da Sikotlan, baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 suka taho da shi, yanzu ya zama na kasuwa da yara, a fafe kabewa a yi mata ido da baki a sa kyandir a ciki, a rataya ƙwarangwal na roba a ƙofar gida, yara su yi shigar dodanni suna bi gida gida ana ba su alawa. Na gaya wa Baba gaskiya, na ce ni bikin ba nawa ba ne ba zan yi shi ba, amma kallon fim zan iya, da sharaɗi biyu, sai na yi isha'i, kuma duk fim ɗin da tsiraici ya yi yawa ba na ciki. Ya ce ya yarda, har ya cire wasu daga jerin da ya tanada, yawanci na shekarun 1980 masu yankan matasa a sansanin hutu, waɗanda dama in ka ga ɗaya ka ga goma.

Daren farko Asabar ce, 1 ga Oktoba, ranar da ake bikin 'yancin kai a gida. Baba ya ce a garin nan ba a farawa da komai sai Night of the Living Dead, don ranar 1 ga Oktoban 1968 aka fara nuna shi kuma a Pittsburgh ɗin aka nuna. George Romero ne ya shirya shi da kuɗi kimanin dala 114,000, baƙi da fari ne, maƙabartar da aka buɗe fim ɗin da ita tana Evans City, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota daga inda muke zaune. Na shiga da tunanin tsohon fim ne zan yi ta hamma, wallahi ban motsa ba har ya ƙare. Gawarwakin da ke tashi suna cin mutane ba su ne suka dame ni ba, abin da ya dame ni mutanen da suka fake a gida ɗaya ne, mutuwa na ƙofa amma su suna ta rigima kan a zauna a falo ko a sauka ɗakin ƙasa. Jarumin kuma baƙar fata ne, Duane Jones, shi ne mai natsuwa a cikinsu, shi kaɗai ya kai safiya da rai, sai ga ayarin fararen fata masu bindiga da suka fito ceton mutane, suka hango shi ta taga suka harbe shi a ka ba tare da sun ce kai waye ba. A shekarar da aka kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ke nan fa. Na koma ɗaki na rubuta shafi biyu da Hausa a littafin da Baba ya ba ni, kuma daren nan na yi barcin awa huɗu a jere, abin da rabona da shi tun Agusta.

Tsarin rubutuna mai sauƙi ne, kwanan wata, sunan fim da shekararsa, sai tambaya uku: me ya tsorata ni, me ya sa ya tsorata ni, na yi barci ko ban yi ba. Ban yarda da ba da maki ba, Baba shi yana ba da maki daga 1 zuwa 5 kamar yadda suke yi da matarsa, shafinta na nan a tsofaffin littattafan da rubutunta siriri, wani lokaci yakan buɗe ya karanta min abin da ta ce game da fim ɗin da muka gama. Zaɓi kuma karɓa-karɓa muke yi, yau shi gobe ni, wasu daga kwalin faifansa, wasu na aro daga laburaren Carnegie da ke ba da aron fim kyauta in kana da kati, wasu a intanet.

Ba zan bi su ɗaya bayan ɗaya ba, da yawa sun wuce ba su bar min komai ba. Na gane da wuri cewa akwai fim mai firgitarwa akwai mai tsoratarwa kuma ba ɗaya ba ne. Mai firgitarwa shi ne a yi tsit sannan a buga ƙara wani abu ya faɗo, dole ka zabura, ko ƙofa aka buga da ƙarfi ai za ka zabura, minti biyu ka manta. Irin waɗannan in ka rage sautin talabijin rabin ƙarfinsu ya tafi, na gwada. Mai tsoratarwa kuwa bin ka yake har makwanci. Nosferatu na Jamus na 1922, ko magana babu a cikinsa, amma inuwar da ke hawa matattakala da dogayen yatsu ta fi jinin fim goma tsaya min a rai. Psycho na 1960 ma haka, ba a nuna maka wuƙa na shiga jiki sosai, kiɗan ne da yankan hoto suke sa ka rantse ka gani.

Akwai wanda ya ɓata min rai kuma na faɗa wa Baba ba ɓoye-ɓoye. The Exorcist na 1973, wanda suke ɗauka kamar shi ne sarkin finafinan tsoro, an buɗe shi ne a arewacin Iraƙi da sautin kiran sallah, an ɗauko kiran da ni in na ji shi hankalina ke kwanciya an mayar da shi alamar cewa ga wani baƙon wuri mai ban tsoro. Baba ya ce ya kalli fim ɗin ya fi sau goma bai taɓa sanin me ake faɗa a wurin ba, na fassara masa kalma kalma, ya yi shiru sannan ya ɗauki biro ya rubuta a littafinsa. Sauran fim ɗin ban musa an iya shi ba, musamman uwar da ke yawo da 'yarta daga wannan likita zuwa wancan kowa na ce mata bai ga komai ba, wannan kam na san irinsa, duk wanda ya taɓa zama gidan da ake wa wani ruƙiyya ya san fuskar uwa a irin wannan hali.

Washegari zaɓina ne, sai na kawo Under the Shadow na 2016, da harshen Farisa, labarin wata uwa da 'yarta a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, makamai na faɗowa gari maƙwabta na gudu ɗaya bayan ɗaya, ga aljanu sun shigo gidan sun ɗauke 'yar tsanar yarinyar. A cikin fim ɗin an ce aljanu iska suke bi, na tsayar na ce wa Baba ka san a Hausa kalmar iska ita ce ta wadda ke kaɗawa kuma ita ce ta mutanen ɓoye, in an ce wance tana da iskoki kowa ya san me ake nufi, kuma muna yara in guguwa ta taso ana hana mu shiga cikinta. Daren nan mun kai ƙarfe ɗaya muna hira, ni ke bayani shi ke tambaya, karon farko tun zuwana ƙasar da na ji abin da na taso da shi yana da amfani a wajen wani.

Wajen tsakiyar wata ne na fara fahimtar abin da ke faruwa da ni. Ni tsoro ba baƙona ba ne, muna yara mun sha leƙa gidan kallo ana nuna Evil Dead a kaset mu dawo gida muna rirriƙe da juna a lungu, mun ga finafinan Indiya na macijiya mai rikiɗa, amma tsoron farko da na sani a duniya a bakin Inna na ji shi. In an ɗauke wuta sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, ta kawo labarin dodo tana canza murya har ƙanwata ta cusa kai a cinyarta, amma komai tsawon labarin mun san akwai inda za ta ce ƙurunƙus, ta tofe mu da addu'a kowa ya kwanta. Fim ɗin tsoro haka yake, minti 90 ko 100 zuciyarka na bugawa sannan sunaye su fara hawa, ka tashi ka kunna fitila ka sha ruwa. Abin da ke cina tun Agusta shi ba shi da ƙurunƙus, ba na ma iya cewa ga sunansa. Kullum dare sai na ari tsoro mai iyaka na ɗora a kan wanda ba shi da iyaka, jikina ya gaji, barci ya samu hanya.

Sai daren 27 ga wata. Ni na zaɓi fim ɗin, His House na 2020, don na ga an ce 'yan Afirka ne a ciki, Wunmi Mosaku da Sope Dirisu, dukkansu 'yan asalin Najeriya, Remi Weekes ya ba da umarni. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri zan taɓa sirrin labarin. Miji da mata ne suka gudo daga yaƙin Sudan ta Kudu, suka tsallaka teku a kwalekwale, yarinyar da ke tare da su ta nutse, aka ba su wani ruɓaɓɓen gida a Ingila da sharaɗin ba aiki ba ƙaura, a nuna an gode kawai. Mijin na ta ƙoƙarin zama irin mutanen ƙasar, ya sayi kayansu, ya ce a ci abinci da cokali, ya ce a daina yaren gida, wannan kaɗai ya isa ya sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Amma cikin bangon gidan akwai abin da ya biyo su, matar ta kira shi apeth, irin maye a al'adar ƙabilar Dinka ta Sudan ta Kudu, kuma bashi ya zo karɓa, don yarinyar nan ashe ba 'yarsu ba ce, mijin ne ya ɗauke ta daga hannun uwarta don a bar su su shiga motar da ke kwashe masu yara. Kujerar da suka samu suka tsira, wani ne ya biya ta.

Kalmar bashi ce ta tsaya min a wuya. Kun san yadda ake yi a wajenmu, kafin a sallaci mamaci ko a wajen zaman makoki sai wani daga cikin iyali ya miƙe ya ce duk wanda ke bin marigayiya bashi ya zo ya same mu. Wata biyu ban taɓa tambayar Yaya ko wani ya zo ba. Ban tambaya ba saboda can ƙasan raina na san amsar. Lokacin da zan taho tallafin makaranta bai haɗa da kuɗin jirgi da na biza ba, na rasa yadda zan yi, sai Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo min kuɗi a ƙunshe cikin ɗankwali ta ce na adashinta ne da ta kwasa, ni kuma na karɓa ban tsananta tambaya ba don ina son tafiya. Mace mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wane adashi ne zai ba ta wannan kuɗin a lokaci ɗaya? Na sani tun ranar, na kau da kai.

Ban iya rubuta komai ba daren nan. Na zauna bakin gado har ƙarfe ɗaya, wato shida na safe a gida, na kira Yaya, bayan gaisuwa na ce Yaya don Allah kar ka ɓoye min, nawa ake bin Inna? Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce wa ya gaya maka, na ce ba kowa. Ya ce naira 600,000 ta ranto wajen wata aminiyarta da wani ɗan'uwan Babanmu, ta biya kusan rabi da kuɗin man gyaɗa kafin ta kwanta ciwo, kuma ta ja masa kunne kar a kuskura a gaya min sai na gama karatu, shi yake ta biyan sauran kaɗan kaɗan daga albashinsa na koyarwa ga iyali ga kuɗin makarantar yara. Nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar, ina yi Yaya na cewa ya isa, ya isa, addu'a take buƙata, shi ma muryarsa na rawa. Na ce masa daga yau ragowar a wuyana yake, ya ce ai umarninta ne kar ka sani, na ce to na riga na sani Yaya, ka bar ni in sauke mata. Daga ɗan abin da ake biyana na aikin taimaka wa malami na riƙa turawa duk wata, watan Maris na 2023 aka kai wa aminiyarta na ƙarshe, ta aiko min da saƙon murya tana sa albarka tana kuka. Shafin 27 ga Oktoba a littafina har yau ba komai a kansa sai sunan fim ɗin da wannan adadin.

Daren 31 Litinin ce. Tun kafin magariba yara suka cika layin da kayan dodanni, Baba ya ajiye kwanon alawa a bakin ƙofar gidan, ni ina ciki na yi sallolina sannan na tsallaka. Halloween na John Carpenter na 1978 muka rufe da shi kamar yadda suke yi da matarsa duk shekara, fim mai ƙaramin kuɗi, fuskar makashin ma ta roba ce da suka saya a shago suka fesa mata farin fenti, kiɗan fiyanon kuma Carpenter ɗin da kansa ya yi shi. Fim ne mai kyau, ya iya sa ka riƙa duba bayan mutum kana neman abin da ke tsaye a inuwa, amma gaskiya bayan abin da na gani daren 27 bai taɓa ni can ciki ba, haka na rubuta.

Da ya ƙare Baba bai tashi ya kunna fitila ba, ya ce wata guda ina ba shi labarin mahaifiyata da tatsuniyoyinta a gutsure, yau yana so ya ji guda ɗaya cikakkiya. Na ce to amma akwai ƙa'ida, in na ce ga ta nan ga ta nanku sai ka amsa. Sau uku yana gwadawa kafin bakinsa ya iya ta zo mu ji ta. Na ba shi labarin yarinyar nan da ta ce ba za ta auri mai tabo ko ɗaya a jiki ba, ta kori samarin garinsu kaf, sai dodo ya rikiɗa ya zo a kyakkyawan saurayi ta bi shi, suna nisa da gari yana komawa siffarsa. Da Turanci na ba shi amma waƙar da ke ciki da Hausa na rera ta, da irin muryar da Inna ke yi, ban ma san ina riƙe da ita ba sai da ta fito. Da na kai ƙarshe na ce ƙurunƙus kan kusu, ya ce me wannan ke nufi, na ce a nan Inna ke tsayawa ta hure fitila. Ya jawo littafinsa ya ce in rubuta masa kalmar a ƙasan shafin 31, na rubuta, ya sa ni na maimaita masa ita sau biyu, sannan na ce masa sai da safe Baba.